Baba Tela da Girkin Lahadi

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na shekarar 2014, da hantsi, na fara doguwar magana da mutumin da duk gidan benenmu ke kira Baba Tela. Na tabbatar da ranar domin tana cikin littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, ɗabi'ar da aikin akawu ya bar mini. Abin da na rubuta gajere ne: maƙwabci ya zo aron wuri a firiza.

A lokacin ban daɗe da tarewa ba. Kamfanin kayan gini da nake yi wa aiki ya mayar da ni reshensa na garin, inda nake lura da abin da ke shiga sito da abin da ke fita. Iyalina na bar su inda muka baro har yara su gama makarantar da suke yi. Na kama ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, ƙofata na kallon ta Baba Tela. Na sayi babbar firiza saboda zuwan iyali, amma babu komai a cikinta sai gorar ruwa.

Ya ƙwanƙwasa a hankali. Da na buɗe na ga dattijo siriri, tef ɗin awo rataye a wuyansa, rungume da babban baho da aka rufe da ragowar yadi. Idanunsa sun yi jawur.

"Akawu, barka da hutawa."

"Barka kadai, Baba. Bismillah, shigo."

Ya shigo ya tsaya, yana kallon ƙafata.

"Wa ya kama maka ƙafar wandon nan?"

"Haka na saye shi."

"Ai na gani. Ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka kawo in gyara maka, kada a ce maƙwabcina ne."

Daga wando ya koma kan tsadar yadi, daga nan ya koma kan ƙwan fitilar matakala da ya mutu. Duk wannan bahon na hannunsa. Sai da na ce masa ya sauke kayan kada hannunsa ya sage, sannan ya dubi ƙasa ya ce an gaya masa ina da firiza.

"Aike ne," in ji shi. "Mutuniyar ce ta aiko ni. Tamu ƙarama ce."

Na buɗe masa. Ya jera robobi masu murfi da ledoji da aka shimfiɗe kamar littattafai, kowanne da ɗan ƙyalle ɗaure a jiki. Yana jerawa na lura da filasta a babban yatsansa, da tabon fallatsar mai a bayan hannunsa, da warin albasa da ya kama rigarsa. Ya ga na gani. Ya ja hannun rigar ya rufe tabon, ya yi godiya har sau uku, ya fita bai ko ɗauki yadin da ya rufo bahon da shi ba.

Lahadin da ta biyo baya matarsa ta aiko a kira ni. Mutanen unguwa suna ce mata Mai Ludayi, domin shekaru masu yawa ita ake ɗauka ta yi girki idan ana babban taro, kuma an ce tana iya sanin gishiri ya ji daga ƙamshi kaɗai. Na same ta zaune a kujerar roba a bakin ƙofar kicin, mace mai jiki, mai kaifin ido, da hankici a dunƙule a hannun dama. Bayanta, a cikin kicin, Baba Tela ne tsaye da zani ɗaure a ƙugu a kan wandonsa. Da ya gan ni ya juya mini baya ya hau wanke tukunyar da na ga a wanke take.

"Zauna, ɗana," ta ce. "Tunda an saka ka cikin maganar nan ba da saninka ba, gara ka ji daga bakina."

Ta ɗaga hannun dama, ta zare hankicin da na hagu. Yatsun suka tsaya yadda suke, a lanƙwashe, ba su buɗe ba, ba su rufe ba.

Ga abin da na tattara daga bakinta a ranar, da daga bakinsa a hankali cikin watannin da suka biyo baya. Mahaifinsa mai gyaran keke ne. Tun yana yaro aka kai shi koyon ɗinki, ya yi shekaru yana ɗinka maɓalli da guga kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Da ya samu kansa ya kama ɗan shago kusa da inda motocin haya ke tsayawa, ya yi suna wajen ɗinka kayan makaranta. A shagon ya tsufa. Sun haifi 'ya'ya uku. Maza biyu suna aiki a nesa, sai a waya ake jin su. Babbarsu mace ce, shugabar wata makarantar firamare a wani gari mai nisan rabin yini a mota. Tun tana ƙarama take zama a shagon tana juya rigunan da ya gama tana neman inda zare ya tsallake, shi ya sa ya sa mata suna Sufeto, sunan kuma ya bi ta har girma.

A shekarar da ta gabaci zuwana Mai Ludayi ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun ya ƙi. A asibiti, a gaban gadonta, Sufeto ta gaya wa mahaifinta magana ɗaya.

"Baba, idan hannun nan bai dawo ba, tafiya zan yi da ita. Kai ko shayi ba ka iya dafawa. Ba zan zauna can ina jiran a kira ni a ce yunwa ta kwantar da ita ko ta ƙone kanta ba."

A gidan Sufeto gado ɗaya ne za a iya ƙarawa, a ɗakin 'yan mata. Babu wurin tsoho da keken ɗinkinsa, kuma shagonsa a nan yake. Mutanen nan biyu sun haura shekara arba'in tare, ba su taɓa raba gari ba. Saboda haka da aka sallamo ta, bayan 'yan makonni suka gaya wa Sufeto a waya cewa hannu ya warke sarai.

"Ƙarya ce muka yi wa 'yar cikinmu," in ji Mai Ludayi. "Ni da furfurata. To ka ji. Idan ba za ka iya riƙewa ba ka faɗa yanzu, mu kwashe kayanmu daga firizarka."

Na ce zan riƙe. Na yanka masa mabuɗin ƙofata a washegari.

Da farko, ya gaya mini, kullum yake girkin. Sai ya zama ba ya buɗe shago sai rana ta take, ya rufe tun la'asar. Wata makaranta ta janye aikinta saboda ya saɓa alkawari. Abincin kuma ba ya ciyuwa.

"Shekara arba'in yana ci yana lashe yatsa," in ji matar, "ashe bai san ana ɓare tafarnuwa ba."

"To wa ya gaya mini? Kin taɓa bari na leƙa tukunyarki?"

"Da ka leƙa ai da tuni ka kashe mu."

Dabarar da ta cece su daga shago ya ɗauko ta. Ya ce idan makaranta ta kawo aikin riguna masu yawa, ba mai hankalin da zai yanka ɗaya ya ɗinka, sannan ya koma ya yanka ta biyu. Ana jera yadi ne a kan juna, a yanke duk hannuwa a tashi ɗaya, a yanke duk wuyoyi, sannan a zauna a kan keke a yi ta haɗawa. Sai ya tambayi matarsa ko abinci zai yarda da haka. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ba mutum abin da ya kwana ba. Ya ce shi ma a rayuwarsa bai taɓa ɗaura zani ba. Daga nan suka daidaita.

Na sha zama a falonsu ranar Lahadi, ƙofa a kulle, taga a rufe, ina kallon yadda ake yi. Yakan fara da abin da ya fi daɗewa a wuta. Nama ke hawa da farko, a babbar tukunya, wake kuma da aka jiƙa tun jiya yana ta gefe. Kafin su nuna ya markaɗa tumatir da tattasai da attarugu da albasa, ya zuba a tukunya mai faɗi ya bar ruwan ya ƙone, sannan ya soya shi da mai. Wannan markaɗen shi ne uwar komai. Daga shi ake fitar da miyar shinkafa, da ta taliya, da ta dankali, sai dai a sauya abin da za a ƙara a ranar. Romon naman yakan tace shi dabam, domin matar ta ce romo shi ke sa abin da aka ajiye ya farfaɗo. Citta da tafarnuwa yakan daka su tare, ya cika farantin ƙanƙara da su, idan sun daskare sai ya zama kowane girki ƙwaya ɗaya ake jefawa. Wake rabin dahuwa yake yi masa, ya tsane, ya zuba a leda ya danne ya yi faɗi, don ya ce mai faɗi ya fi saurin narkewa kuma ya fi jeruwa. Ba ya rufe roba sai abin ya huce. Ba ya mayar da abin da ya riga ya narke. Kowace roba cin mutum biyu ce, ba ƙari. Kuma duk abin da ya gama amfani da shi yakan wanke shi nan take, kafin tukunya ta gaba ta tafasa.

Wuƙa ce ta gagare shi. Bayan ya yanke yatsa sau da yawa sai ya ɗauko wani tsohon almakashinsa, ya wanke shi da ruwan zafi, ya mayar da shi na kicin. Da shi yake yanka alayyafo da ganyen albasa da kabeji, har da kaza, kai tsaye cikin tukunya, ba faranti ba katako. Kafin ka ce me, ya gama.

Na taɓa kawo masa takardu masu manne na ofis, na ce mu riƙa rubuta suna da kwanan wata a kan kowace roba. Ya girgiza kai.

"Akawu, kai komai sai ka rubuta. Rubutu ai shaida ne. Bar ni da ƙyallena."

Jan ƙyalle markaɗe ne, fari romo, shuɗi wake, mai ratsi nama. Na makon da ya wuce ƙulli biyu yake yi masa, don a fara cinye shi.

Ita kuwa tana daga kujerarta tana ba da umarni, hancinta a sama.

"Rage wutar nan. Malam, na ce ka rage, ba ka kashe ba. Juya daga ƙasa. Wannan juyin ai na mai jin tsoron tukunya ne."

Yana miƙo mata ludayi ta ɗanɗana, ta ce a ƙara gishiri kaɗan. Amma na lura da abu ɗaya. Duk lokacin da ya durƙusa yana goge ƙasan kicin, ko yana kankare gindin tukunya, sai ta juyar da fuskarta ga bango har ya gama.

Sauran kwanakin mako aikin kaɗan ne. Da safe kafin ya tafi shago yakan leƙa matakala sama da ƙasa, ya tsallako ɗakina da sanɗa, ya ɗauki robar ranar a ƙarƙashin riga. Ita kuma da hannun hagu take juyewa a tukunya, ta ɗora shinkafar da ya wanke ya auna mata ruwa. Sai abu na ƙarshe, wanda ta fi ƙi. Takan jefa 'yar albasa a mai ta buɗe taga, don ƙamshi ya sauka har ƙasa. A hawa na ɗaya akwai matar mai kanti, wadda ke da lambar Sufeto, kuma magana ba ta kwana a bakinta.

"Mai Ludayi an dawo fage!" haka matar takan ɗaga murya daga ƙasa. "Wannan ƙamshi ai sai ki sa mazanmu su raina mu."

"Sai godiya," in ji Mai Ludayi, sannan ta rufe tagar ta zauna. Ta ce mini duk yabon da aka yi mata a da bai taɓa yi mata nauyi ba sai wannan.

Shi ma yana da nasa. Ba ya cefane a kasuwar unguwa, sai ya hau mota ya tafi wata mai nisa inda ba a san shi ba. Can ma bai tsira ba. Wata Asabar na raka shi, mai sayar da kayan miya na hango shi ta fara dariya.

"Ga ɗan aike ya iso! Baba, wannan mai aiken naka ba ta da ƙafa ne? Kuma ɗan aike ne yake matsa tumatir haka yana shinshina citta?"

Ya yi murmushin yaƙe, gumi ya karyo masa, ya karɓi kayan bai ko tsaya a yi masa gyara ba. Muka kamo hanya har muka kusa gida. Sannan ya ce wani ya dawo masa da farar riga, wai tana warin tafarnuwa, ya tambaye shi ko ya koma sayar da abinci ne. Ya ce ya ɗora wa mai guga laifin, alhali shi ke gugarsa da kansa.

Sufeto takan zo Asabar ta farkon kowane wata. Doguwa ce, mai tabarau, tana shigowa tana shafa saman talabijin da yatsa. Takan buɗe firijinsu ta duba, shi ya sa ba a barin ko roba ɗaya a ciki. Ana gayyata ta cin abincin rana a matsayin gwauron maƙwabci, ita kuma tana ce mini Kawu. Dokar Mai Ludayi tun tana da lafiya ita ce ba a tsaya mata a kai tana girki, saboda haka ba wanda ya yi mamaki da take rufe ƙofar kicin. Hankicin yana hannun dama, tana ci da cokali a hagu, ta ce likita ne ya ce ta riƙa hutar da shi.

Wata rana Sufeto ta ajiye cokali ta ce, "Mama, wallahi miyar nan ta fi ta da. Ciwon nan ƙara miki hannu ya yi." Ta juya ga mahaifinta. "Kai dai Baba ka ji daɗinka. Sai dai a ajiye maka ka ci."

"To ya zan yi," in ji shi, idonsa a kan faranti.

Na ga kunnensa yana motsi. Ban san ko daɗi ya ji ko kunya ba, ina jin shi ma bai sani ba. Matarsa ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Haka aka tafi har watan Nuwamba. A makon da Sufeto za ta zo, ƙusar almakashin kicin ta saki, ya kai shi gyara, mai gyaran ya yi tafiya. Ranar Juma'a da yamma yana shirya kayan zuwan Sufeto, sai ya ɗauko wani daga jakar shago ya wanke. Almakashi ne mai haƙora, irin wanda ake yanke bakin yadi da shi don kada ya warware. Da shi ya yanka kabeji da koren tattasai ya ƙulle a leda. Ya gaya mini daga baya cewa ko kaɗan bai ga wani abu ba. Idon da ya shekara hamsin yana ganin wannan yanka, a wurinsa haka baki mai tsabta yake.

Ranar Asabar aka kawo shinkafa da soyayyen kabeji a kai. Muka fara ci. Sufeto ta kai cokali baki sau biyu, a na uku ta tsaya. Ta ɗaga wani yanki na kabeji ta kai shi kusa da tabarau. Gefensa duka biyu tsaf, kamar haƙoran zarto. Ta ajiye shi a bakin faranti. Ta tono wani, ta jera kusa da shi. Ta tono tattasai, shi ma haka.

"Mama, da wace wuƙa kika yanka wannan?"

Ta juya ga mahaifinta.

"Baba, wannan ba yankan almakashi mai baƙin hannun nan ba ne? Wanda ka taɓa dukana saboda na yanka takarda da shi?"

Baba Tela ya ajiye cokalinsa. Ya ce, "Taya ta na yi. Yau kaɗai."

"Yau kaɗai." Ta juya. "Mama, miƙo mini hannunki. Ba wannan ba. Ajiye hankicin."

Mai Ludayi ta ɗora hannun a kan tebur, ta zare hankicin da kanta. Sufeto ta sa cokali a tafin. Cokalin ya zame ya faɗi ƙasa, ƙararsa ta cika falon. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na riga kowa shigewa.

"Tun yaushe?"

"Bai taɓa dawowa ba," in ji uwar.

"To duk abincin da nake ci a gidan nan?"

Uwar ta nuna mijinta da haɓa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai har tef ɗin wuyansa ya taɓa shinkafa.

"A firijin nan ba komai. Kullum ina dubawa. Ina kuke ajiyewa?"

Ba su dube ni ba, su biyun, kuma rashin duban ne ya nuna mata. Ta miƙe ta ce, cikin ladabi, "Kawu, don Allah buɗe mini ɗakinka."

Na buɗe mata firizar. Ta tsaya tana kallon layin robobi da ledoji, kowanne da ƙyallensa. Ta taɓa wani shuɗi ta ce wannan yadin rigar makarantarsu ce ta firamare. Sai ta zauna a ƙasan falona, da kayanta masu tsada, ta cire tabarau.

"Kawu, ni suke tsoro haka? Tsoho kamar Baba yana sanɗa a matakala da roba a cikin riga, saboda ni?"

Na kawo mata ruwa, ba ta sha ba.

Abin da ya fi muni ya fito da muka koma. Ta tambayi yadda ake ciki da zuwa asibiti wajen masu motsa hannun. Sai ga shi sun daina zuwa tun watan da suka ce ya warke, domin wata ma'aikaciyar wurin ƙawar Sufeto ce, suna tsoron ta kai labari. Sufeto ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai likita ya gaya musu watannin farko su ne masu amfani, kuma sun wuce. Baba Tela ya ɗago ya dubi hannun matarsa kamar ranar ya fara ganinsa. Ya ce, "Ni na ce mu daina zuwa."

Mai Ludayi ce ta yanke hukuncin.

"Zan bi ki," ta ce wa 'yarta. "Ba don kin fi ƙarfina ba. Na gaji da soya albasar ƙarya. Kuma na gaji da ganin mutumin nan a durƙushe yana goge mini ƙasa."

Ranar da za su tafi, ina taya su sauke jaka, Mai Ludayi ta riƙe ni a matakala ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta ga haƙoran kabejin tun a kicin, tun kafin ta juye shi a mai. Akwai lokacin da za ta iya zubar da shi ta ce ya lalace.

"Na tsaya ina kallonsa," ta ce, "sai na juye. Kada ka gaya masa."

Ban gaya masa ba har ta bar duniya.

Labari ya zaga gidan bene kafin motar ta fita layi. Lahadin farko Baba Tela bai yi girki ba. Ta biyu na ji ƙamshin markaɗe, na leƙa na ga ƙofarsa a buɗe, waya a jingine da gwangwanin gishiri, muryar Mai Ludayi na fitowa daga ciki tana cewa ya rage wuta. Matar mai kanti ta hau da niyyar tsokana, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa ashe ƙamshin da ya hana su sakat na tela ne. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ta ga ledojin wake a shimfiɗe, sai ta tambaya ko ba ya yin ruwa idan ya narke. Ya amsa mata yana kallon tukunya. Mako na gaba ta dawo da ƙanwarta da farantin ƙanƙara.

Sai dai hannunsa ya saba da awon mutum biyu, ya kasa ragewa. Yakan ci rabi ya turo mini rabi, wani lokaci ma ba ya ci. Firizata ta cika har murfin na ƙin rufuwa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata safiya a watan Janairu ya zo ya ajiye mini mabuɗina a kan tebur, tare da wandona da ya gyara wa ƙafa.

"Akawu, na ba da shagon. Yadi ko'ina akwai shi."

Ya bar wa wani tsohon almajirin ɗinkinsa shagon, ya ɗauki keke ɗaya da almakasansa, ya koma garin Sufeto. Ta samo musu ɗaki ciki da falo a bayan layinta, ta saya musu firiza, mahaifiyarta ta tare wurinsa. An ci gaba da kai ta asibiti. Hannun bai dawo yadda yake ba, amma ta kai ga riƙe cokali. Sun yi shekara huɗu a ɗakin. Mai Ludayi ta rasu a watan Yuni na shekarar 2019. Baba Tela yana nan da ransa. Ido ya rage, ya daina karɓar ɗinki sai gyare-gyare. Ranar Lahadi shi ke yi wa gidan Sufeto girkin mako, ita kuma tana wanke masa tukwane.